Makon da Na Yi Tallar Shiru

Litinin, 3 ga Maris

Allah ya albarkaci zamani, ya ƙara wa masu ilimi basira. Yau na ga sana'ar da ta fi kowace sana'a tsafta: ba kaya, ba sito, ba dako, ba abin da zai ruɓe ko ɓera ya ci. Kujera biyu da agogon bango. Mutum ya shigo da matsalarsa, ka yi masa tambaya, ya ba kansa amsa, ya ɗauki matsalarsa ya fita. Ni da na shekara talatin ina tsage maƙogwaro a kasuwa, ashe wahalar banza na sha.

Ciyaman na kasuwa ne ya aika a kira ni ofis. Na tarar da wata mata zaune, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba, jakarta a kan cinya. Wai ita koci ce. Ba ta 'yan ƙwallo ba, ta masu sana'a da ma'aikata. Ƙungiyarsu ta ware mako guda don wayar da kan jama'a game da aikin, rabin awa kyauta ga duk mai so, a ɗakin bayan ofis. Suna neman mai baki ya zaga da lasifika. Ciyaman ya nuna ni: "Ga Rediyo nan. Ko dutse ya yi wa talla sai an taya."

Na ce, Hajiya, don in san abin da zan sayar: shawara kike bayarwa? Ta ce a'a. Magani? A'a. Jari? A'a. To me? Ta ce, "Ina taya mutum jin abin da shi kansa yake faɗa."

Na riƙe dariyata har bakin ƙofa.

A shago kuwa jiya i yau. Ƙanena, wanda kasuwa ke kira Injiniya, yana nan a kan bakansa: ƙarshen watan nan zai bar shagon gyaran keken ɗinkin da Baba ya bar mana. Shi ne hannu, ni ne baki, haka muke tun rasuwar Baba. Yana da in'ina tun yana ƙarami, kalma ɗaya sai ta ɗauke shi tsawon shan shayi, shi ya sa nake ƙarasa masa don in sauƙaƙa masa. Ni ko zare ban iya sa wa keke ba. In ya tafi, me zan buɗe shago in yi? Na riga na gaya wa kowa dalilinsa: matarsa ce ke zuga shi. Shi dai bai faɗa ba, amma ai ba sai ya faɗa ba.

Talata, 4 ga Maris

Na yi aikina yadda na iya. Tun daga layin 'yan yadi har 'yan tukwane: "Ina wanda kasuwa ta juya wa baya? Ina wadda tunani ya hana ta ƙiba? Ga ƙwararriya ta sauka! Minti talatin ta warware maka abin da ya shekara goma yana cin ka!"

Kafin hantsi layi ya kai bakin famfo. Wani da hoton ƙirjinsa na asibiti, wani yana son a fitar da shi ƙasar waje, wata tsohuwa ta zo da takardar filinta a ƙulle cikin leda uku.

Kocin ta leƙo, ta dubi layin, ta kira ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Rediyo, me ka yi musu alkawari?"

Na faɗa mata, har da ɗan alfahari.

"Wa zai cika?"

Shi ke nan. Ta tsaya tana kallona, ba harara, ba murmushi, kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Na kawo uzuri na farko, cewa talla sai da gishiri. Ta gyaɗa kai. Na kawo na biyu. Ta gyaɗa kai. Na uku ban ma ƙarasa shi ba, sai na ji bakina da kansa yana cewa, bari in koma in gyara. Wallahi ba ta ce in koma ba. Na taɓa tsayawa gaban alƙali a matsayin shaida, ban ji kunya irin wannan ba.

Ita kuma ta bi layin ɗaya bayan ɗaya. Mai hoton ƙirji ta ce masa wannan aikin likita ne, kada ya kwana bai koma ba. Tsohuwa ta haɗa ta da Ciyaman a nema mata lauya. Rabin layin ta sallama da bakinta. Ban taɓa ganin mai haja yana korar masu saye ba.

Laraba, 5 ga Maris

Yau don haushi na yi tallar gaskiya tsirara: "Ku zo ku ga matar da ba za ta ba ku komai ba! Ba magani, ba jari, ba shawara! Tambaya ce kawai, amsar ma kai za ka zo da abarka!"

Mutane suka fi na jiya. Wannan ya ɗan taɓa ni, na rantse. Shekara talatin ina zuba gishiri, ashe akwai masu son abin lami.

Mahaucin kusa da mu ya shiga. Mutumin da in ya daka tsawa kare ke sakin ƙashi. Ya fito ya zauna a kan matakala, hula a hannu. Na ce, me ta ce maka? Ya ce ba ta ce komai ba. Na ce, to me ya sa idonka ya yi ja? Sai ya ce, "Rediyo, ashe ni ba na son ɗana ya gaje ni. Shekara uku ina faɗa da yaron nan a kan abin da ni ma ba na so."

Wata mai sayar da robobi ma ta shiga, ta fito tana gyara mayafi tana dariya ita kaɗai. Na ce, ke kuma fa? Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita matar fitila kawai ta riƙe mata.

Na zaga ɗakin da kaina bayan an tashi, ko akwai turare ko wani abu a ƙarƙashin kujera. Kujerun roba biyu, butar ruwa, fanka mai karkata kai. Ba komai. Wannan ba komai ɗin ne ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi taro a ƙarƙashin babbar rumfa, kocin ta yi wa jama'a bayani. Wai aikin sai an yi karatunsa, an yi gwaji, an zauna a gaban waɗanda suka riga ka suna duba yadda kake yi. Suna da ƙa'idoji, babba a ciki shi ne abin da aka faɗa a ɗaki ya mutu a ɗaki. Wani ya ce, to meye bambancinki da abokina? Ta ce, "Abokinka yana da abin da yake so ka yi." Aka yi sowa.

Sai ta nemi wanda zai zauna a gwada a gaban mutane. Kowa ya noƙe. Ni uban iya, na ce ga ni. Na yi niyyar in ɗaure ta da magana jama'a su yi dariya.

Ta ce in na ji ba na so a ci gaba, in ɗaga hannu kawai. Ta ce me nake so in tashi da shi daga wannan kujerar? Na ce dabarar hana ƙanena barin shago. Daga nan na buɗe famfo. Na kawo tarihin Baba, na kawo yadda na goya yaron nan a wuyana, na kawo halin matan zamani. Jama'a na dariya, ni ina ƙara wuta. Ta bar ni har na ƙare don kaina.

"Shi me ya ce dalilinsa?"

Na ce ai na sani.

Ta yi shiru irin nata. Sannan: "Yaushe rabon da ka yi wa wani tambayar da ba ka san amsarta ba?"

Ɗan kasuwa ai ba ya tambayar abin da bai sani ba. In na ce nawa ka saya, na san nawa ya saya. In na ce lafiya, ba lafiyar nake nema ba. Na duba baya, mako, wata, shekara, ina neman ko guda ɗaya. Rumfa ta yi tsit, har ƙarar injin niƙa na can ƙarshen kasuwa nake ji. Ban san tsawon lokacin ba. Mahauci ya ce minti biyu ne. Ƙarya yake, ya fi awa.

Na ɗaga hannu.

A gida uwar yara ta riga ta ji labari, kasuwa ba ta da ƙofa. Ta ce a nuna mata matar nan ta yi mata ɗinki kyauta, shekara ashirin da shida tana neman inda ake kashe rediyon nan ba ta samu ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Injiniya ya shiga ɗakin kocin.

Ban san zai je ba. Na dawo daga zagaye da lasifika a kafaɗa, na bi ta bayan ofis, sai na hango shi ta gilashin taga. Yana zaune a bakin kujera, hannayensa baƙi ƙirin da man keke, ya ɗora su a gwiwa. Ba na jin komai, taga a rufe. Bakinsa kawai nake gani.

Yana motsi. Ya tsaya, ya maƙale kamar yadda ya saba, haɓarsa na rawa, idonsa a rufe. Nan ne daidai inda nake shigowa in cece shi. Ita ko gezau. Ba ta sunkuyo ba, ba ta buɗe baki ba, ba ta dubi agogo ba. Can sai kalmar ta fito, wata ta biyo ta, wata ta biyo, har da hannu yana kwatance, yana zana wani abu a iska. Ya yi dariya! Shekara arba'in da biyu muna ciki ɗaya, ɗaki ɗaya, shago ɗaya, ban taɓa ganin bakin ƙanena ya yi tafiya mai nisa haka ba. Kamar ka wayi gari ka ga bishiyar ƙofar gidanku ta taka ta tsallaka titi.

Na tsaya har lasifikar ta sa min ciwon kafaɗa. Da na ga zai miƙe na gudu, ni da girmana.

Asabar, 8 ga Maris

Ranar ƙarshe. Kocin tana tattara takardunta na shiga da lemo mai sanyi. Na fara da yabo, na bi da zancen zumunci, na ce ni ne uba a gare shi yanzu, haƙƙina ne in sani. Ta ce ta gode da lemo. Na sauya salo, na ce ai ya riga ya gaya min komai, so nake kawai in ji ko ya faɗa mata daidai. Wannan tarkon ya kama dillalai da suka fi ta wayo. Ta ce, "To madalla, ka ga ba ka buƙatata."

Na ce ko da alama ce, ki ɗaga gira in matarsa ce.

Ta yi dariya sosai, karon farko. Ta ce ko cewa wane ya shigo ɗakin nan ba za ta tabbatar min ba. "Amma kai ka ce min kuna shago ɗaya. Taku nawa ne daga kujerarka zuwa tasa?"

Uku ne. Na auna da na koma.

Ni da sirri ke shiga kunnena da safe ya fita da riba kafin azahar, yau na ga mutum ya riƙe magana kamar rijiya ta riƙe dutse. Ta bar katinta a wurin Ciyaman, ta hau mota ta tafi. Ko rakiya ba ta nema ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba kasuwa. Na gwada yi wa uwar yara tambayar da ban san amsarta ba. Ta taɓa min goshi ta ji ko zazzaɓi ne.

Talata, 11 ga Maris

Na gwada a kan ƙanena. Na ce, Auta, me ya sa za ka tafi? Ya ajiye sukudireba, ya buɗe baki, "Ya-ya-yaya, a-abin da…" Sai na ji kaina ina cewa, in dai maganar rabon shago ce ai sai a zauna. Ya dube ni, ya ɗauki sukudirebarsa.

Ashe abin nan da wuya. Matar nan zama kawai na ga tana yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Zan rubuta wannan a hankali don kada in ƙara masa gishiri.

Da la'asar ba kowa a shago. Na jawo kujerata taku ukun nan. Na cika bakina da ruwa daga buta bayan na yi tambayar, ban haɗiye ba. Dabarata ce, ba a littafin kowa take ba. Ya ga kumatuna a kumbure, ya gane, har ya so ya yi dariya.

Ya ɗauki lokaci. Na ga kalmar tana tahowa tun daga ƙirjinsa, na san ta, ko na ɗauka na san ta, ruwa na neman shaƙe ni. Da ta fito ba ita ba ce.

"Idona ne, Yaya."

Ya fi shekara yana ganin abu kamar ta cikin hayaƙi. Ramin allura ya daina ganinsa tun bara. Da yatsa yake lalubawa, da kunne yake saita keke: ya juya shi, ya saurara, ya san inda ya kauce. Duk kekunan da suka fita daga shagon nan shekara guda, ba wanda aka dawo da shi, kuma mai gyaran bai gan su sosai ba. Ni ina zaune taku uku daga wannan abin al'ajabi ina ba mutane labarin siyasa.

Ya ce aikin kwana uku yanzu yana cin sa mako, ni kuwa duk wanda ya kawo keke sai in ce masa gobe. Shi ke shan kunyar goben da bai yi alkawarinta ba.

Sai ya zo kan ranar da aka yi maganar tafiya. Ya ce ba tafiya ya zo gaya min ba. Cewa zai yi ƙarshen wata yana son zuwa a duba masa ido. Ya kai "ƙarshen wata zan…" ya maƙale, ni kuma na ƙarasa masa: za ka bar shagon ko? Ya ce da ya ji ta a bakina, sai ya ga ai ita ce ma ta fi sauƙi. Ya ce e.

Matarsa kuwa, baiwar Allah, ita ke roƙonsa kullum kada ya rabu da ɗan'uwansa.

Ban san lokacin da na haɗiye ruwan ba. Na ce, me kake so a yi? Wannan ma ban san amsarta ba. Biyu ke nan a rana ɗaya.

Ya ce in raka shi asibiti. Zancen zama ko tafiya, ya ce zai gani.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je gidansa na ba matarsa haƙuri. Ta ce na me? Na ce ke dai ki yafe. Ta ce ai kasuwa ta riga ta kawo mata tun watan jiya, ta yafe tun a lokacin. Gara da ta zage ni.

Laraba, 19 ga Maris

Asibitin ido. Likita ya zaunar da shi, ya kunna allon haruffa a bango, ya ce karanta. Babban na sama ya faɗa. Layi na biyu ya tsaya. Ni ina bayansa, ina ganinsu tar, har na ƙasa ƙanana kamar tururuwa. Harafin ya hau kan harshena, ya zauna, yana rawa. Na ciji hular da ke hannuna. Wata ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce, Baba, kai ma layin masu taɓin kai yana can gaba.

Likita ya tambaye shi tun yaushe, da wane idon ya fi. Ya yi bayani da kansa, da tsayawarsa da komai, likita ya jira shi. Ashe mutane na jira in ba a riga su ba.

Yanar ido ce ta rufe idon, duka biyu, na dama ya fi. Za a yi aiki wata mai zuwa, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da aikin ya fi haka wahala. Muka hau mota muka dawo. Wajen sauka ya riƙe hannuna don matakala, bai saki ba har muka tsallaka titi.

Talata, 1 ga Afrilu

Wata ya ƙare jiya. Yau da na iso na tarar ya riga ni buɗewa, ya share, yana shafa wa wani tsohon keke mai. Bai ce ya fasa tafiya ba, ban tambaya ba. Wannan kam na san amsarta.

Wata tela ta kawo kekenta yana tsinka zare, ta dube ni ta ce yaushe? Na nuna mata shi da haɓa. Ya juya keken, ya kara kunne, ya yi ta fama da kalmar, ita tana kallona tana jira in fassara. Na duƙufa ina neman wani abu a aljihu. Can ya ce Laraba ta sama. Ta ce to. Da za ta fita ta ce, "Rediyo, yau batir ne ya mutu?" Na ce mura ce.

Murar ce ma, kaɗan.

Ba wai na yarda da sana'ar ba ne. Har yanzu ina ganin kujera biyu da agogo ba su isa a kira su jari ba. Mutum huɗu dai sun tambaye ni inda za a sami matar a makon nan, na kai su wurin Ciyaman, ban ƙara ko kalma a kan abin da take yi ba. Na kwafi lambar ni ma, don kada katin ya ɓata a ofis.

Uwar yara ta ce ya kamata in kira in yi godiya. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye. Matar nan ba ta gaya min komai ba, ba ta gaya wa ƙanena komai ba, likita ne zai yi aikin ido. In na kira na ce na gode, ta yi shirun nan nata, sannan ta ce godiyar me, me zan ce mata?